Ranar da Gini Ta Ce A'a

(Kiɗan buɗe shiri)

   Yau tarihi za mu taɓa. Tafiyar za ta kai mu can bakin teku, ƙasar Gini mai babban birni Konakiri, sannan mu biyo ta Yamai da Damagaram.

Maganar mulkin kai ce. Mene ne amfaninsa, nawa ne kuɗinsa, wa kuma ke biya? Akan ji matasa a majalisa, in tsadar rayuwa ta ishe su, suna cewa da ma Turawa ba su tafi ba. Ban cika ganin laifinsu ba, domin ba su ga zamanin ba, kuma ba a ba su labarinsa yadda ya kamata ba. To akwai mutanen da aka taɓa ajiye wa wannan tambaya a gabansu ƙiri-ƙiri, aka ce su amsa da ƙuri'a a yini guda: ko su zauna ƙarƙashin inuwar Faransa ana ba su tallafi, ko su kama gabansu ba ko anini. Ranar ita ce Lahadi, 28 ga Satumba, 1958.

Kafin mu isa ranar, ya kamata mu san abin da mutanen ke gudu.

Faransa ta haɗa yankuna takwas na yammacin Afirka ƙarƙashin babban gwamna guda da ke zaune a Dakar: Sanigal, Muritaniya, Sudan ta Faransa wadda yau ake kira Mali, Gini, Kwaddibuwa, Bolta ta Sama wadda yau ita ce Burkina Faso, Dahome wadda yau ita ce Benin, sai kuma Nijar. Ba da lalama ta same su ba. A ƙasar Gini, Samori Ture ya shafe kusan shekara 16 yana gwabzawa da sojan Faransa kafin a kama shi a 1898, a kai shi Gabon, inda ya rasu a 1900. A ƙasar Hausa kuwa, dattawan Birnin Ƙonni ba su manta da abin da rundunar sojan Faransa ta Bule da Shanuwan ta yi wa garinsu a 1899 ba, kamar yadda ba a manta da tsayuwar da Sarauniya Mangu ta yi musu a Lugu a wannan shekarar ba.

Bayan an ci ƙasa da yaƙi, sai aka shimfiɗa mulkin da kumandan, wato Baturen da ke riƙe da yanki, shi ne wuƙa, shi ne nama. Akwai dokar da aka keɓe wa 'yan ƙasa kawai, wadda ta ba kumandan ikon ya ɗaure mutum har kwana 15 ko ya ci shi tara, ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. Laifin na iya zama jinkirin biyan haraji, ko abin da shi kumandan ya ga dama ya kira raini. Ga kuma aikin tilas. Layin dogon da ya tashi daga Konakiri zuwa Kankan, mai tsawon fiye da kilomita 600, wanda aka gama a 1914, da ƙarfin mutanen da aka kwaso daga ƙauyuka aka gina shi. Masu saurarenmu na Nijeriya, dattawanku sun san irin wannan da sunan diban gwamna, lokacin da aka riƙa kwasar majiya ƙarfi ana kai su haƙar kuza a Jos a shekarun yaƙin duniya na biyu. Kuma a duk wannan, ba Bature ke shiga ƙauye da kansa ba. Sarkin kanto ne, wato kamar hakimi a wajenmu, shi ke tara haraji, shi ke nuna ɗan wanda za a ɗauka aikin hanya ko aikin soja. Ku riƙe wannan batu na sarakunan kanto, zai yi mana amfani nan gaba.

Yaƙin duniya na biyu ya sauya lissafi. 'Yan Afirka sun zubar da jini don a ƙwato Faransa daga hannun Jamus, sun kuma ga Bature yana gudu, yana kuka, yana mutuwa kamar kowa. Wasu daga cikinsu da suka dawo suka nemi haƙƙinsu na albashi a barikin Tiyaroy kusa da Dakar, sai aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba, 1944. Hukuma ta ce mutum 35 aka kashe, masu binciken tarihi suka ce adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. A 1946 aka soke waccan dokar ta kumandan, aka kuma haramta aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Ufuwe Buwanyi na Kwaddibuwa. A watan Oktoba na shekarar aka kafa babbar jam'iyyar RDA a Bamako. Reshenta na Gini shi ne PDG, kuma a nan ne wani ma'aikacin gidan waya, haifaffen Faranah a 1922, ya fara fitowa. Sunansa Ahmad Seku Ture.

Ta ƙungiyar ƙwadago ya taso. A 1953 ya jagoranci yajin aikin da ya wuce wata biyu, har hukuma ta durƙusa ta ƙara albashi da kashi 20 cikin ɗari. Amma a nan zan ɗan tsaya, domin littattafan makaranta sukan ba da labarin kamar mutum ɗaya ne ya yi komai. Yajin aikin wata biyu ba ya yiwuwa in ba a ɗora tukunya a gida. Matan Konakiri ne suka sayar da 'yan kunnensu da zannuwansu suka ci da iyali, wata tela mai suna Mafori Bangura tana gaba wajen tattara su. A Fabrairun 1955, a garin Tondon, wani sarkin kanto ya sari wata 'yar jam'iyya mai suna Mbaliya Kamara da takobi tana ɗauke da tsohon ciki. Ɗan ya mutu, ita ma ta bi shi bayan 'yan kwanaki. Wannan mutuwa ta ja wa PDG jama'a fiye da duk wani jawabi da aka taɓa yi a dandali. Jam'iyyar ta kafa rassa unguwa-unguwa, ƙauye-ƙauye, ta shigar da malaman makaranta da tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa. A zaɓen Maris na 1957 ta cinye kujeru 56 daga cikin 60 na majalisar yankin. Sai kuma ranar 31 ga Disamba, 1957, sabuwar gwamnatin ta soke sarautar kanto ɗungurungum a faɗin Gini.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna ba da labarin yadda Gini ta zaɓi mulkin kai a 1958.

A can Faransa kuwa, gida ya rikice. Yaƙin 'yancin Aljeriya da ya ɓarke tun Nuwamban 1954 ya kayar da gwamnati, aka kira Janar Digol ya karɓi ragama a watan Yunin 1958. Ya kawo sabon tsarin mulki, a ciki har da wata tarayya tsakanin Faransa da yankunanta na Afirka. Kowane yanki zai riƙa tafiyar da harkokinsa na cikin gida. Amma tsaro, da hulɗa da ƙasashen waje, da kuɗin da ake kashewa, da manyan manufofin tattalin arziki, da ma'adinan da ake ganin suna da muhimmanci, duk suna hannun tarayya, shugaban tarayyar kuwa shi ne shugaban Faransa. Wanda ya yarda ya jefa E. Wanda ya jefa A'a ya sami 'yanci nan take, amma ya yi ban kwana da tallafi.

A watan Agusta Digol ya zagaya Afirka yana tallar tsarin. An tarbe shi da kiɗa a Barazabil, an tarbe shi da kiɗa a Abijan. Ranar 25 ga wata ya sauka Konakiri. A zauren majalisa, Seku Ture ya miƙe cikin farar riga ya yi jawabi, a ciki ya faɗi maganar da har yau ake maimaitawa: gara mana talauci cikin 'yanci da wadata cikin bauta. Zaure ya ɗauki tafi. Digol, wanda bai saba a gaya masa magana a gaban jama'a ba, ya mayar da amsa cewa 'yanci na nan a gaban Gini, ta ɗauka ranar 28 ga Satumba in tana so, Faransa ba za ta hana ba, amma za ta ɗauki matakin da ya biyo baya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ko a ranar nan Seku Ture bai yanke shawarar A'a ba. Yana neman a gyara tsarin ne, a rubuta haƙƙin samun 'yanci a ciki, a bar yankunan yammacin Afirka su zauna dunƙule, a yi zumunci da Faransa na tsara da tsara. 'Yan ƙwadago da malaman makaranta da ɗalibai da matan jam'iyya su ne suka matsa daga ƙasa, sai tsakiyar Satumba jam'iyya ta tsaya a kan A'a. Jam'iyyun adawa su ma suka goyi bayan A'a.

Da aka ƙirga ƙuri'u, A'a ta sami sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari, E ba ta kai dubu 60 ba. Kusan kashi 95 cikin ɗari ke nan. A duk yankunan Faransa na Afirka, Gini kaɗai ta ce A'a. Ranar 2 ga Oktoba, 1958, aka shelanta Jamhuriyar Gini.

Sai horo ya biyo baya, kuma an yi shi ne don na baya su gani su ji tsoro. Cikin 'yan makonni Faransa ta janye ma'aikatanta, har da likitoci da malaman makaranta da injiniyoyi. Aka kwashe takardun ofisoshi, aka tafi da kayan aiki, aka tsinke wayoyin tarho, abin da ba a iya ɗauka ba da yawa aka lalata. Aka tsayar da tallafi da bashi. Seku Ture ya aika wa Faris da saƙo yana neman a ƙulla hulɗa, aka yi masa kunnen uwar shegu, sai a Janairun 1959 Faransa ta amince akwai wata ƙasa mai suna Gini. Da ƙasar ta fito da kuɗinta na kanta ranar 1 ga Maris, 1960, ta bar sefa, jami'an leƙen asirin Faransa suka buga jabun kuɗin suka watsa a kasuwanni don su karya darajarsa. Wannan ba zargi ba ne, wasu daga cikin manyan jami'an da suka san aikin sun amsa shi da bakinsu bayan shekaru.

Wanda ya fara kawo agaji shi ne Kwame Nkuruma na Gana, wadda ita ma shekararta ɗaya da 'yan watanni da samun 'yanci. Ya yi alkawarin rancen fam miliyan 10, ƙasashen biyu suka shelanta haɗin gwiwa a watan Nuwamba. Ranar 12 ga Disamba, 1958, Gini ta zauna a kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka shigo da nasu taimakon, da nasu buƙatun kuma, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu bari mu matso kusa da gida, domin ba Seku Ture kaɗai ne shugaban gwamnatin da ya nemi a jefa A'a ba. Akwai wani, kuma a Nijar yake. Shi ne Jibo Bakari.

Sa'o'in juna ne, shi ma a 1922 aka haife shi, shi ma ta ƙungiyar ƙwadago ya yi suna bayan ya taɓa aikin koyarwa. Shi ne magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa, a 1956, kuma daga 1957 shi ke jagorantar gwamnatin yankin. Jam'iyyarsa ita ce Sawaba, kirarin da 'yan NEPU na Malam Aminu Kano su ma ke ɗagawa a tsallaken iyaka, kuma akwai zumunci da kai-komo tsakanin mutanen jam'iyyun biyu. Ƙarfin Sawaba yana wajen talakawan birane: direbobi da yaran mota, teloli, mahauta, 'yan tireda, ƙananan ma'aikata, da mata masu zaman kansu, musamman a Damagaram da Maraɗi da Tasawa da ita Yamai.

Faransa ta haƙura da Gini, amma ba ta ga za ta iya haƙura da Nijar ba. Nijar na da doguwar iyaka da Aljeriya inda ake yaƙi. A kudu ga Nijeriya na shirin samun 'yanci, ana kuma tsoron kada Hausawan Nijar su karkata wajen 'yan'uwansu. An kuma ga alamun yuraniyom a Azelik tun 1957. Saboda haka ana saura 'yan makonni a yi ƙuri'a aka turo sabon gwamna, Kolombani, da aiki guda ɗaya: E ta ci ko ta halin ƙaƙa. Aka baza sojoji ana nuna ƙarfi, hukuma ta fito fili tana yi wa E yaƙin neman zaɓe, aka takura wa 'yan Sawaba.

To ga inda batun sarakunan kanto ya dawo. A Gini an riga an kawar da su wata tara kafin ƙuri'a, don haka da kumandan ya nemi wanda zai kora masa jama'ar ƙauye zuwa akwatin E, bai samu ba. Wakilin jam'iyya ne ke zaune a wurin. A Nijar kuwa sarakuna na nan da ƙarfinsu, da yawansu ma da su Jibo Bakari ya yi ƙawance ya hau mulki, kuma da rana ta yi tsaka suka juya masa baya. Ba ina cewa duk mai rawani maci amana ba ne, Allah ya kiyaye. Sarkin da gwamna ke iya tuɓewa da takarda guda ba shi da zaɓi mai yawa. Amma darasin siyasar a fili yake: ba a fafe gora ranar tafiya. Gini ta yi shekara goma tana gina jam'iyya har cikin ƙauye, Sawaba kuwa ƙarfinta bai wuce garuruwa da bakin hanyoyin mota sosai ba.

Sakamakon Nijar: E ta sami kusan kashi 78 cikin ɗari, A'a kusan 22. Amma ku lura da wani adadi da ba a cika faɗa ba. Waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar ba su wuce kashi 37 cikin ɗari na masu rajista ba. Kusan mutum biyu cikin uku sun zauna a gida. Jibo Bakari ya sauka a watan Oktoba, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a Disamba, ɗan'uwansa Jori Hamani ya hau. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, shugabanta ya shiga gudun hijira, ya zauna Mali da Gana da Gini. Yunƙurin da 'yan jam'iyyar suka yi na dawowa da makami a 1964 ya ƙare cikin jini, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso da wasu. Shi kansa Jibo da ya dawo gida bayan juyin mulkin Saini Kunce na 1974, bai daɗe ba aka ɗaure shi shekaru. Ya rasu a Yamai a 1998.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Wani zai ce, to malam, ai Nijar da ta ce E ita ma ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta, 1960, ba tare da an kwashe mata likitoci ba. Wace riba Gini ta ci da gaggawa?

Tambaya ce mai nauyi, kuma irinta aka yi ta muhawara a kai a Nijeriya tun 1953, lokacin da Antoni Enahoro ya kawo ƙudurin mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya ce a bari sai lokacin da ya dace, don Arewa ba ta da isassun ma'aikata. Masu cewa a shirya tukuna ba wawaye ba ne. Amma ni ga yadda nake kallon abin. Tarayyar da Digol ya tsara ba ta wucin gadi ba ce a niyyarsa, an gina ta ne ta daɗe. Abin da ya rusa ta cikin shekara biyu shi ne ganin da sauran suka yi cewa Gini ba ta mutu ba. Ga tutarta, ga wakilinta yana magana a Majalisar Ɗinkin Duniya, ga shugabanta ana tarbarsa a manyan biranen duniya, alhali su shugabannin da suka ce E ko jakada ba su da ikon aikawa. Matasansu suka fara yi musu gori. Sanigal da Mali suka nemi nasu 'yancin a 1959, Faransa ta gyara tsarin mulkinta, kafin 1960 ta ƙare ƙasashe 14 da ke hannunta sun sami mulkin kai. Wahalar da Gini ta sha, wasu ne suka ci moriyarta da sauƙi.

Sannan 'yancin da aka ƙwata da wanda aka miƙa ba nauyinsu ɗaya ba. Yawancin waɗanda suka karɓa a 1960 sun sa hannu a yarjejeniyoyin tsaro da na kuɗi da na ma'adinai da suka bar wa Faransa babban rabo a cikin shawara. Har yau sefa ake kashewa a Yamai, kuma sai a Disamban 2023 sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar. Gini kuwa, da yake ba ta neman izinin kowa, ta buɗe ƙofarta ga Amilka Kabral, ya kafa hedikwatar yaƙin 'yantar da Gini Bisau a Konakiri. Da sojoji suka hamɓarar da Nkuruma a 1966, Konakiri ce ta karɓe shi, har aka ba shi girman shugaban ƙasa na biyu. Mawaƙiyar Afirka ta Kudu Miriam Makeba, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta hana komawa gida, a Gini ta zauna shekaru. Daga 1968 aka riƙa koyar da yara a makarantun firamare da Fulatanci da Maninka da Susu da sauran harsunan ƙasa. Tsarin ya gamu da ƙarancin littattafai da malamai, aka kuma watsar da shi a 1984, amma 'yan ƙasa ne suka yanke shawarar gwada shi, su ne kuma suka yanke ta barinsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yanzu sai ɓangaren da masoyan Seku Ture ba su son a taɓa, kuma shirin faɗakarwa da ya tsallake shi ya ci amanar masu sauraro.

Mutumin da ya tsaya gaban Digol ya yi maganar 'yanci, shi ne ya mayar da Gini ƙasar jam'iyya ɗaya, baki ɗaya. Malaman makarantar da suka matsa masa ya ce A'a, su ya fara ɗaurewa a 1961 da sunan sun ƙulla makirci. Gaskiya ne an yi masa makirce-makirce na haƙiƙa. Jabun kuɗin nan gaskiya ne, kuma ranar 22 ga Nuwamba, 1970, sojojin Fotugal sun sauka Konakiri ta teku da dare sun kai hari. Amma ya mayar da kowane hari hujjar kama wanda ya ga dama. A Janairun 1971 aka rataye manyan jami'an gwamnati a kan wata gada a tsakiyar birnin, jama'a na kallo. Kurkukun Sansanin Buwaro ya zama wurin da ake shiga ba a fita. A can ne Jallo Telli, ɗan Futa Jalon, wanda ya wakilci Gini a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma zama babban sakatare na farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1964 zuwa 1972, ya mutu a Maris na 1977, bayan an kulle shi a ɗaki ba ci ba sha har rai ya yi halinsa. Laifin da aka ɗora masa shi ne wai Fulani sun ƙulla makirci. Dubban ɗaruruwan 'yan Gini suka tsere zuwa Sanigal da Kwaddibuwa da Saliyo da ita Faransar. Gwamnati ta hana kasuwanci mai zaman kansa, kantunan hukuma suka zama wayam, a ƙasar da Allah ya hore wa ruwan sama da ƙasar noma da ma'adinin da ake yin sanholo da shi fiye da kusan kowace ƙasa a duniya.

Wasu kan ɗauki wannan su ce, kun gani, da ma sun ce E. Ban yarda da su ba. Mutanen da suka jefa A'a ba su jefa ta don a gina Sansanin Buwaro ba. Sun jefa ta ne don kada a sake ɗaure mutum ba shari'a, kada a sake ƙwace amfanin gonarsa da ƙarfi. Da ɗan ƙasa ya dawo yana yi musu abin da kumandan ke yi, shi ne ya saɓa alkawarin ranar, ba su ba. Kuma sun nuna sun san haka. Ranar 27 ga Agusta, 1977, matan kasuwar Konakiri, 'ya'ya da ƙannen waɗanda suka sayar da 'yan kunnensu a 1953, suka tashi a kan 'yan sandan tattalin arziki masu ƙwace musu kaya. Suka yi jerin gwano har fadar shugaban ƙasa, boren ya bazu zuwa wasu garuruwa, aka rasa rayuka. Seku Ture, wanda manyan ƙasashe suka kasa tanƙwarawa, dole ya sassauta ya bar mutane su yi saye da sayarwa. Ya rasu a wani asibiti a Amurka ranar 26 ga Maris, 1984, kuma mako guda bayan haka sojoji suka karɓe mulki suka buɗe ƙofofin Buwaro.

Akwai babban filin wasa a Konakiri da aka raɗa wa sunan 28 ga Satumba don tunawa da ƙuri'ar. A cikinsa ne, ranar 28 ga Satumba, 2009, sojojin gwamnatin Musa Dadis Kamara suka buɗe wuta a kan 'yan adawa da suka taru suna neman kada soja ya tsaya takara. Sama da mutum 150 suka mutu, aka yi wa mata da yawa fyaɗe. A Yulin 2024 wata kotu a Konakiri, mai alƙalai 'yan Gini, ta same shi da laifin cin zarafin bil'adama ta yanke masa ɗaurin shekara 20. A Maris na 2025 shugaban mulkin soja na lokacin ya yi masa afuwa.

Hukuncina dai, masu sauraro, shi ne mutanen Gini sun yi daidai a 1958, 'yan Sawaba ma da suka sha kaye sun yi daidai, kuma duk shugaban da ya fake da sunan 'yancin ƙasa yana toshe bakin 'yan ƙasa, a farar hula yake ko a kaki, bai da rabo a cikin ladan wannan rana.

Lokaci ya ƙure mana. Roƙona ga masu saurarenmu na Damagaram da Maraɗi da Tasawa da Tawa da Ƙonni, da na Kano da Katsina da Daura waɗanda iyayensu suka sauki 'yan Sawaba a zaurukansu lokacin gudun hijira: wanda ya jefa ƙuri'a a 1958 yau ya doshi shekara 90, waɗanda suka gani da idonsu suna yara ma sun manyanta. In akwai irinsu a gidanku ko a unguwarku, ku je ku gaishe su, ku zauna ku tambaye su abin da suka gani, ku naɗi muryarsu a wayarku tun suna da rai, ku aiko mana mu sa a shiri na gaba.

  

(Kiɗan rufe shiri)